Kimiyyar Talla: Abin da Ke Sa Tallar Kamfani ga Kamfani Ta Yi Tasiri

Gabatarwa

Da zarar an ambaci talla, abin da kan faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne waƙar sabulu a rediyo, ko hoton lemon kwalba a allon bakin titi. Irin wannan talla ana yin ta ne domin mutumin da zai sayi abu ya yi amfani da shi a gidansa. Amma akwai wata irin talla wadda ba kasafai jama'a kan lura da ita ba, duk da cewa dukiyar da ke jujjuyawa a bayanta tana da yawan gaske. Ita ce tallar da kamfani kan yi wa wani kamfani, kamar ta masana'antar fulawa ga gidajen burodi, ko ta masu ƙera injin saƙa ga masaƙu, ko ta masu ƙera manyan motoci ga kamfanonin sufuri.

Burodin da ya iso teburin mai shayi ya ratso ciniki iri-iri kafin isowarsa. An sayi alkama, an sayi injin niƙa, an sayi buhu da yis da sukari da leda, an kuma ɗauki hayar mota. Cinikin ƙarshe ne kaɗai ya shafi mai ci. Sauran duk tsakanin 'yan kasuwa aka yi su. Wannan darasi zai duba abin da ke sa tallar da ake yi wa irin waɗannan masu saye ta yi tasiri. Amsar da binciken masana ya fi karkata gare ta ita ce, tallar da ta fi aiki ita ce wadda ta riga buƙata isa, wato ta dasa sunan kamfani a zukatan masu saye tun kafin su fito neman kaya, sa'annan ta rage musu fargabar yin zaɓen tumun dare.

Yadda Kamfani Ke Saye

Wanda ya sayi sabulun da bai yi masa ba, asararsa kaɗan ce, gobe sai ya sauya wani. Masaƙar da ta sayi janaretan da bai dace ba kuwa, tana iya tsayar da aiki na makonni, ma'aikata su zauna, odar da aka karɓa ta wuce lokacinta. Saboda haka sayen kamfani yakan ɗauki watanni, kuma ba mutum ɗaya ke yin sa ba.

A shekarar 1972 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Frederick Webster da Yoram Wind, suka bayyana cewa a kowane babban saye akwai rukunin mutane masu matsayi iri biyar. Idan aka ɗauki misalin janaretan nan, ga yadda suke:

1. Masu amfani da kayan, wato ma'aikatan da za su riƙa tayar da injin kullum.
2. Masu faɗa a ji, kamar injiniyan da zai ƙayyade ƙarfin injin da ake bukata.
3. Masu saye, wato jami'an da za su nemi farashi su rubuta oda.
4. Masu yanke shawara, kamar manaja ko shugaban kamfani.
5. Masu tsaron ƙofa, kamar sakataren da ke tace wasiƙu da baƙin da za su isa ga manaja.

Kowane ɗayansu da abin da ya dame shi. Injiniya yana tunanin ƙarko da samun kayan gyara, akanta yana tunanin kuɗin mai na shekara, ma'aikaci yana tunanin ƙara da hayaƙi. Wakilin kamfanin da ke sayar da janareta yakan gana da mutum ɗaya ko biyu daga cikinsu. Sauran ba zai taɓa ganin fuskarsu ba, alhali kuwa ɗaya daga cikinsu yana iya rushe cinikin da kalma ɗaya a wurin taro. Aikin farko na talla ke nan: ta shiga ofisoshin da wakili ba ya iya shiga.

Mutumin da Ke Kan Kujera

A shekarar 1958 kamfanin McGraw-Hill na Amurka, mai buga mujallun sana'o'i, ya fitar da wata talla da har yau ake koyar da ita. Hoton wani dattijo ne mai sanƙo da tabarau, zaune a kujerar ofis, ya murtuke fuska yana kallon mai karatu. A gefensa an jera abubuwa bakwai da ya ce bai sani ba: bai san mai magana ba, bai san kamfaninsa ba, bai san kayansa ba, bai san manufarsa ba, bai san abokan cinikinsa ba, bai san tarihin aikinsa ba, bai kuma san irin shaidar da ake yi masa ba. Bayan haka sai ya tambaya, me aka ce ana son sayar masa? Darasin da aka rubuta a ƙasa shi ne, ciniki yakan fara ne tun kafin wakili ya yi sallama.

Wannan dai talla ce, ba bincike ba ne. Wanda ya gwada batun ta hanyar kimiyya shi ne Theodore Levitt na Jami'ar Harvard, wanda ya buga sakamakonsa a 1965. Ya nuna wa jami'an saye da masana haɗa sinadarai fim na wani wakili yana tallata sabon sinadarin haɗa fenti. Kayan iri ɗaya ne ga kowa, amma an sauya abu biyu. Na farko sunan kamfanin: wasu an ce musu sananne ne, wasu wanda ba a sani sosai ba, wasu kuma ba a faɗa musu suna ba. Na biyu ingancin bayanin wakilin: wasu sun ga mai kyau, wasu maras kyau.

Sakamakon ya nuna cewa sunan kamfani yana buɗe ƙofa, domin an fi saurarar wakilin sanannen kamfani, an kuma fi yarda a gwada kayansa da wuri. Tasirin sunan ya fi ƙarfi inda kayan ke da wuyar fahimta kuma hatsarin kuskure ke da girma. Sai dai kuma bayani mai inganci daga wakilin ƙaramin kamfani yana iya cike giɓin. Ma'ana, talla ba ta maye gurbin wakili. Share masa fage take yi.

Lissafin Kashi 95 da Kashi 5

A shekarar 2021 Farfesa John Dawes na Cibiyar Ehrenberg-Bass da ke birnin Adelaide a Ostareliya ya kawo wani lissafi mai sauƙi wanda kowane ɗalibi zai iya bi. Ya lura cewa kamfanoni kan sauya masu yi musu wasu manyan hidimomi, kamar banki ko lauyoyi, kusan sau ɗaya cikin shekara biyar. Idan haka ne, kashi 20 cikin 100 ne kawai ke neman sabon abokin hulɗa a shekara guda, kuma kashi 5 cikin 100 a wata uku.

A ɗauka akwai kamfanoni 1,000 da za su iya sayen wani kaya. A shekara, 200 ne za su fito kasuwa. A wata uku, 50. Duk tallar da aka buga a wannan lokaci, kamfanoni 950 daga cikin masu ganin ta ba su da niyyar sayen komai, ko da an karya farashi, domin injinsu yana aiki, kwangilarsu ba ta ƙare ba. Wannan adadi ba doka ba ce da ba ta sauyawa. Yana hawa ko sauka gwargwadon tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a sake saye. Amma darasin ɗaya ne: mafi yawan masu ganin talla masu sayen gobe ne, ba na yau ba.

Wani binciken da kamfanonin Bain da Google suka yi a Amurka, aka buga a 2022, ya ƙara haske. Sun gano cewa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu saye suna da jerin sunayen kamfanoni a ransu tun ranar farko, kafin su fara wani bincike, kuma kusan kashi 90 cikin 100 daga cikin wannan jeri suke zaɓa a ƙarshe. Kamfanin da ya bari sai an fito neman kaya kafin ya gabatar da kansa, ya makara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Riƙe Suna

Tun da tallar yau sai bayan shekara biyu ko uku za a ci moriyarta, tilas ta zauna a ƙwaƙwalwa. A nan ne ilimin halayyar ɗan Adam ya shigo. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'annan ya auna abin da ya rage masa bayan awa, bayan kwana, bayan wata. Ya tarar mantuwa tana da sauri ƙwarai da farko, daga baya ta lafa, kuma maimaitawa jefi-jefi ta fi maimaitawa a zama ɗaya amfani. Ɗalibin da ya taɓa kwana karatu daren jarrabawa ya san wannan. Haka talla take: shafi goma a fitowa ɗaya ta mujalla bai kai shafi ɗaya a fitowa goma ba.

A 1968 kuma Robert Zajonc na Jami'ar Michigan ya nuna wa mutane baƙin kalmomi da alamomi da hotunan fuskoki, wasu sau ɗaya, wasu har sau 25. Da aka tambaye su, sai suka fi nuna son waɗanda suka fi gani, ko da yake ba su san ma'anarsu ba. Sabo kaɗai yana haifar da natsuwa.

Abubuwa biyu ke fitowa daga nan. Na farko, tambari da launi da salon kamfani su dawwama, domin wanda ke sauya kama kowace shekara yana rushe ginin da ya yi bara. Na biyu, a ɗaure sunan da irin halin da buƙata kan taso. Mai gidan burodi ba ya tuna kamfanin inji haka kawai. Yana tuna shi ne ranar da injin kwaɓi ya tsaya da asuba, ko ranar da zai buɗe sabon reshe. Tallar da ta nuna wannan rana ita ce za ta faɗo masa idan ranar ta zo.

Fargabar Mai Saye

An daɗe ana ɗauka cewa jami'in saye ba shi da zuciya sai alƙaluma, don haka ake cika tallar kamfanoni da jerin ma'aunai da lambobi. Alƙaluma suna da muhimmanci, amma mai duba su mutum ne mai iyali, wanda aikinsa da mutuncinsa ke rataye a kan zaɓin da zai yi. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya tasiri a zuciyar mutum, kuma binciken da suka yi daga baya ya ƙiyasta bambancin da kusan ninki biyu. A ofis abin ya fi haka tsanani. Idan injin ya yi kyau, ribar ta kamfani ce; idan ya lalace, sunan wanda ya sa hannu za a nema. Shi ya sa a zamanin manyan kwamfutoci wata magana ta yaɗu a ofisoshin Amurka, cewa ba a taɓa korar ma'aikaci don ya sayi kayan IBM ba. Sanannen suna garkuwa ne ga wanda ya zaɓe shi.

Tallar kirki tana magance wannan fargaba da hujja: shaidar kamfanonin da suka yi amfani da kayan, garanti, wurin samun kayan gyara, da gwaji a bainar jama'a, domin gani ya kori ji. Wannan ne amfanin kasuwannin baje koli irin na Kaduna da Kano, inda ake tayar da inji mai saye ya gani da idonsa.

Kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya ba da misali mai kyau a watan Nuwamban 2013. Ya so ya tallata sabon tsarin sitiyarin manyan motocinsa, wanda aka haɗa da ƙaramin injin lantarki mai daidaita juyawa. Maimakon jerin lambobi, sai ya ɗauki fim na motoci biyu suna tafiya da baya kafaɗa da kafaɗa, ɗan wasan fim Jean-Claude Van Damme yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan madubin kowace mota. A hankali motocin suka riƙa rabuwa har ƙafafunsa suka miƙe sambal, bai faɗi ba. Miliyoyin mutane suka kalla a intanet cikin 'yan kwanaki, kuma tallar ta ci babbar lambar yabo a bikin tallace-tallace na Cannes a Faransa a 2014. Abin lura shi ne, ban mamakin da ke cikin fim ɗin shi ne ainihin hujjar: duk direban da ya taɓa yin ribas da tirela ya san abin da ake nuna masa. Direbobi kuwa suna cikin masu amfani da kayan, kuma masu motocin suna jin maganarsu.

Darasi Daga Intel

Kamfanin Intel yana ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan ƙaramin falle da ke yin lissafi a cikin na'urar. Abokan cinikinsa kamfanonin haɗa kwamfuta ne, ba jama'a ba. Da farko lambobi yake sa wa kayansa a matsayin suna, kamar 286 da 386. A 1991 wata kotu a Amurka ta yanke hukuncin cewa lambar 386 ba mallakarsa ba ce shi kaɗai, abokan gasa ma suna iya amfani da ita. A shekarar ne ya ƙaddamar da tambarin Intel Inside. Ya riƙa biyan wani kaso na kuɗin tallar masu haɗa kwamfuta muddin sun sa tambarin a tallarsu da jikin na'urarsu. Da masu saye suka fara neman tambarin, sai ya zama da wuya masu haɗa kwamfuta su koma ga wani. Intel ya tallata kansa ga abokin cinikin abokin cinikinsa, domin buƙatar kamfani daga buƙatar jama'a take tsirowa.

Sai dai suna yana tafe da nauyinsa. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano cewa ƙwaƙwalwar Pentium tana kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Da farko kamfanin ya ce kuskuren ba zai shafi yawancin mutane ba. Amma jama'ar da aka koya wa sunan sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. IBM ya dakatar da fitar da kwamfutocinsa masu wannan ƙwaƙwalwa, kuma a watan Disamba Intel ya amince ya sauya wa duk wanda ya nema. Abin ya ci masa dala miliyan 475. Talla alkawari ce, kuma gwargwadon yawan waɗanda suka ji alkawarin, gwargwadon yawan masu bin bashinsa.

Auna Tasiri

Tun da amfanin irin wannan talla yana jinkiri, auna shi yana da wuya. Intanet ta sauƙaƙa ƙirga waɗanda suka latsa talla ko suka cike fom a mako guda, amma wannan ƙidaya ta kashi 5 ce kawai. Ba ta ganin kashi 95 da sunan ya shiga ransu. Manajan da ya dogara da ita kaɗai zai riƙa yanke kuɗin tallar gina suna, ya ga kamar bai yi asara ba, sai bayan shekaru ya tarar ba a kiran kamfaninsa neman farashi.

Wasu masana biyu na Birtaniya, Les Binet da Peter Field, sun nazarci bayanan tallace-tallace masu yawa. A 2013 suka ba da shawarar cewa a kayan masarufi a sa kimanin kashi 60 na kuɗin talla a gina suna, kashi 40 a neman cinikin nan take. A 2019 suka ƙiyasta cewa a tallar kamfani ga kamfani rabon ya kusa daidai, wato kashi 46 da kashi 54. Hanyar da ta fi kusa da gwajin ɗakin kimiyya kuwa ita ce a raba yankuna masu kama da juna gida biyu, a yi talla a ɗaya, a bar ɗayan, a kwatanta ciniki bayan lokaci mai tsawo.

Ya kamata ɗalibi ya riƙa tambayar wa ke da riba a sakamakon kowane bincike. A wancan lokaci McGraw-Hill shafukan talla yake sayarwa a mujallunsa. Rahoton Dawes da na Binet da Field na 2019 an fitar da su ne tare da wata cibiya ta kamfanin LinkedIn, shi ma mai sayar da gurbin talla. Wannan bai ƙaryata sakamakon ba, amma yana wajabta a auna hujjar da kanta, a kuma nemi inda bincike daban-daban suka haɗu.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa tallar kamfani ga kamfani tana tasiri ne idan ta isa ga duk masu hannu a shawara, ta riga buƙata zuwa, ta dawwama a kama ɗaya har ta zauna a ƙwaƙwalwa, ta kawo hujjar da za ta kwantar da hankalin mai sa hannu, kuma kayan suka gaskata abin da ta faɗa. Ɗaliban da za su zama injiniyoyi ko akantoci ko masu masana'antu wata rana za su tsinci kansu a ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, ko masu sayarwa ko masu zama a kujerar saye. Sanin yadda talla ke aiki zai amfane su a duk inda suka faɗa.

Tambayoyin Bita

1. Wata makaranta za ta sayi kayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. A lissafa mutanen da za su riƙe kowane ɗaya daga cikin matsayai biyar na Webster da Wind.
2. Idan masaƙu kan sauya injinsu sau ɗaya cikin shekara 10, kashi nawa cikin 100 ne za su fito kasuwa a wata uku?
3. A gwajin Levitt, waɗanne abubuwa aka sauya, wane ne kuma aka bari yadda yake? Me ya sa?
4. Aikin aji: malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ziyarci gidan burodi ko injin niƙa ko wurin buga bulo, ya tambayi mai wurin yadda ya fara jin sunan kamfanin da ya sayi injinsa, da tsawon lokacin da ya wuce tsakanin jin sunan da sayen. A tattara amsoshin a allo a kwatanta su da abin da darasin ya ƙunsa.